Waken da Na Rantse a Kansa

Jar kazata na fara gani, kwance a gindin turmi, ƙafafu a miƙe. Na ɗauka muzuru ne ya shigo mana, har na fara tsine masa, sai na lura babu jini, babu gashi a warwatse. A bayan rumbu ga wata ta sandare, kusa da ita wata tana juyi a wuri guda, wani ruwa yana dalala daga bakinta. Zakaran da kullum yake hana unguwa sakat yana tsaye ya saki fukafukai, kansa yana rawa.

Ba a yi annobar kaji a garinmu a daminar nan ba. Na leƙa ta kan danga, ga kajin maƙwabta suna tono a juji lafiya ƙalau. Na tsaya da buta a hannu ina tambayar kaina me nawa suka ci da nasu ba su ci ba. Amsar tana zuwa, butar ta suɓuce daga hannuna. Jiya da yamma ni da kaina na watsa musu tsaki da garin da na tankaɗe daga waken da na aika wa wata Hajiya a Birnin Kudu. Kuma yau ce ranar walimar da za a dafa shi.

Sana'ata ke nan, ajiyar wake. A ƙauyenmu, nan kusa da Fagam, duk wanda ya ajiye wake to da magani ya ajiye shi, don ƙwari ba sa jira. Wani ya yayyafa na ruwa, wani ya barbaɗa na gari, in an gama a wanke kwano a rafi, a jefar da kwalba inda aka ga dama. Wata shekara na je wanki na tarar da ƙananan kifaye sun taso saman ruwa, ciki a sama, yara suna tsinta a riga za su kai gida. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Sai na fara sayen wake da kaka a hannun matan ƙauyukanmu, waɗanda da a kan ƙwace musu shi a wulaƙance saboda suna tsoron ya lalace a hannunsu. Sharaɗina ɗaya ne, kada magani ya taɓa shi. Ina baza shi a rana mai zafi har sai ya yi ƙara a haƙori, in gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka, in cika durom har wuya, in rufe in liƙe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaron da ya shiga ciki, can zai ƙare. In damina ta yi nisa wake ya yi wuya, sai in buɗe in sayar.

Ni kuma Allah ya yi ni da baki. Ba na iya sayar da mudu ɗaya ban yi wa'azi a kansa ba. Masu ƙosai sun sha ji, masu alale sun sha ji: wallahi tallahi babu ɗigon magani a wakena, ko jariri aka dama wa ya sha. Da wannan rantsuwar na samu Hajiya, wata dattijuwa mai makarantar Islamiyya a Birnin Kudu, wadda ta gada daga mahaifinta. Ɗalibanta sun sauke Alƙur'ani, za ta yi musu walima, ta ce alale za a yi wa yara. A waya ta ce mini, "'Yar nan, na tsallake kasuwar garinmu na aiko har wajenki saboda yaran mutane ne. Ba na son abin da zai taɓa cikin kowa." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na ƙara da rantsuwar da na saba.

Na ruga ɗaki na ɗauko waya na kira ta. Tana ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Ranar taro wa yake jin waya? Wataƙila tana can ƙarƙashin filo, ko a hannun wata jika tana wasa da ita. Maigidana kuwa ya tafi ta'aziyya can wajen Ningi, tasa wayar ma a kashe take.

Na shiga ɗakin ajiya na buɗe durom ɗin da na ɗebi waken, na tura hannu har gwiwar hannu na damƙo na ƙasa. Toka ce dai a ido. Amma da na kai hanci, a ƙarƙashin warin toka akwai wani wari siriri, mai ɗan hawa kai, irin wanda ke tashi a rumfar masu sayar da maganin gona ranar kasuwa. Lokacin da nake aunawa ina fama da mura, ban ji komai ba. Ni na liƙe durom ɗin nan da hannuna, kuma ban da ni mutum ɗaya ne yake da makullin ɗakin, wato Inna, uwar mijina.

Na same ta tana dama koko. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Inna, wa ya shiga ɗakin wake?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ga yadda nake, sai ta ajiye ludayi. "Lafiya? Babu wanda ya shiga. Sai dai Malam, da kaka, lokacin da kika tafi sunan ƙanwarki. Ya karɓi makulli ya ce zai duba ko ɓera ya yi rami."

Malam shi ne surukina. Ni Baba nake ce masa, in ma ta kama in ce wani abu. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi, daga nesa nake durƙusawa, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da magana da ni Inna yake faɗa wa, in ina da magana da shi ta bakin Inna za ta bi. Ko hanya muka haɗa ratsewa nake yi. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai ranar.

Na ce, "Inna, don Allah ki tambaye shi ko ya zuba wani abu."

Ta ce, "Yana zaure yana karyawa da baƙi. Ki bari su tashi."

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ba. Na dai ga kaina a bakin zaure, a tsaye ƙiƙam, Inna tana bayana tana jan hijabina. Dattawa biyu da ke zaune da shi suka sunkuyar da kai don kunyar da ni na kasa ji. Baba ya riƙe kofinsa, bai dube ni ba. Inna ce ta yi ta maza ta yi masa tambayar.

Ya amsa mata ita, kamar ba na wurin. "To, sai me? Duk shekara ina kallon yarinyar nan tana zuba abincin mutane a durom tsirara, babu abin da zai tsare shi sai toka. In ƙwari suka cinye, gidan wa za a yi wa dariya? Na sayo ɗan gari a kasuwa na zuba mata a na bakin ƙofa, na gauraya sosai, na mayar na liƙe. Taimaka mata na yi. In an wanke ai shi ke nan, haka kowa yake ci."

Ba don mugunta ya yi ba, na sani tun a lokacin. A wajensa wake marar magani kamar akuya ce marar turke. Amma raina ya ɓaci har na ji ɗaci a harshena, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa.

Na ce, "Baba, kaji sun mutu."

Wannan ce magana ta farko da na taɓa yi masa kai tsaye. Na ce, "Tsakin kawai suka ci. Waken yana Birnin Kudu, yau za a ba yara."

Ya ajiye kofin a hankali, koko ya zube a tabarma bai kula ba. Ya miƙe, ya sa hannu a saman azara ya zaro wata 'yar leda da aka ƙulle, da ragowar garin a ciki. Bai miƙo mini ba, a ƙasa ya ajiye ta tsakanina da shi. Na ɗauka na ƙulle a bakin zani na fita.

An kwana ana ruwa, hanyar garinmu ta zama taɓo. Mai babur ɗin da ya ɗauke ni yana ta lallaɓawa, ni kuwa ina bayansa ina cewa ya yi sauri, har ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, in muka faɗi a nan ba inda za ki je." Gaskiya ya faɗa, amma da zan iya da na mare shi. A rafi dole na sauka na tattare zani na ratsa da ƙafa, shi ya turo babur. Duk inda muka hau tudu sai in ciro waya in kira Hajiya. Tana ƙara, tana katsewa.

A tashar Gwaram na tarar da motar Birnin Kudu da mutane kaɗan a ciki, direba yana gindin bishiya yana shan rake. Wanda ya san tasha ya san motar da ba ta cika ba ba ta tashi, ko uwar direba ce a ciki. Na je gabansa na fara bayani, maganar ta ƙi fita daidai, sai kuka. Wake, yara, magani, walima, haka na yi ta jefo su. Wani tsoho mai buhun barkono da ke cikin motar ne ya fahimce ni. Ya leƙo ya ce, "Kai direba, tashi mu tafi. Rai ake magana." Direban ya dube ni, ya dubi kujerun da babu kowa, ya yar da raken.

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Gero da dawa sun yi kore shar a dama da hagu, mutane suna ta noma abinsu, duniya lafiya lau, ni kaɗai na san abin da ke kan wuta. Ina ta lissafin aikin alale a zuciyata. Da sassafe za su surfa, su wanke, su kai inji. Kafin hantsi an dawo da ƙullu. A zuba a gwangwani, a jera a tukunya. Yanzu rana ta ɗaga, ke nan tukunyar farko ta sauka. Sai in ga yaran a idona, a jere a kan tabarma da sababbin kaya, kowa da gwangwaninsa. In rufe ido, in sake ganinsu. Na karanta duk addu'ar da na sani har na koma maimaita Innalillahi kawai. Wani wuri garken shanu ya tare titi, makiyayin yana tafe a natse da sanda a kafaɗa. Na ji kamar in fita in ture su da hannu.

Da duwatsun Birnin Kudu suka bayyana, maimakon in ji sauƙi sai tsorona ya ƙaru. Ashe duk tsawon hanyar ina da abin yi, wato sauri. Yanzu kuwa saura in ga abin da ya riga ya faru.

Tun daga bakin layi nake jin lasifika. An kafa rumfa a ƙofar makarantar, maza a gefe guda, mata a gefe guda, wata yarinya tana karatu da murya mai daɗi. Ban tsaya ba, na kutsa ta cikin mata na bi hayaƙi zuwa bayan gida. Ga manyan tukwane a kan murhu. Ga robobi cike da alale an juye daga gwangwani, yana tururi, jawur da manja. Wata mata ta riga ta ɗora roba ɗaya a ka za ta fita da ita.

Na tare ƙofa da hannuwana biyu na ƙwala ihu, "Kada a fita da shi! Kada kowa ya ci! Akwai magani a waken nan!"

Ihun ya fi ƙarfin lasifika, don na ji karatun ya tsaya. Mata suka yo kaina. Cikinsu akwai masu ƙosan da suka sha jin rantsuwata, na gane fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta dube ni tun daga taɓon ƙafata har fuska.

Ta ce, "Ke ce mai waken?" Don ba mu taɓa haɗuwa ba sai a waya.

Na ce, "Ni ce, Hajiya."

Ba ta zage ni ba. Ta juya ga masu girki ta ce, "Wa ya ci?"

Suka fara duban juna. Ɗaya ta ce ita gishiri kawai ta ɗanɗana a ƙullu ta tofar. Wata ta ce ita azumi take yi. Na fara jin numfashina yana dawowa. Sai wata daga bakin murhu ta dafe ƙirji ta ambaci sunan jikar Hajiya. Yarinya ce ƙarama, ba ta isa shiga aji ba. Tun da aka sauke tukunyar farko take kuka a ba ta, aka ba ta guda don a samu lafiya, ta cinye ta nemi ƙari aka ƙara mata.

Aka same ta a ɗakin kakarta, ta kwanta a kan sallaya ta dunƙule, ta riƙe ciki. Ta yi amai a gefen tabarma. Da uwarta ta ɗago ta, na ga miyau yana zuba daga gefen bakinta. Mata suka rikice, wannan tana a kawo manja a ɗura mata, waccan tana a kawo madara. Ni da ba ni da bakin magana a gidan na ce don girman Allah a bar ɗure-ɗure a tafi asibiti. Hajiya ta ce a yi yadda na ce.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da yarinyar ta ci. Na kwance bakin zanina na miƙa mata ledar. Ta duba, ta kira likita, suka shige da yarinyar suka rufe ƙofa. Muka zauna a benci, ni a wannan ƙarshe, Hajiya a wancan, uwar yarinyar tana safa da marwa a tsakaninmu. Babu wanda ya ce mini in tafi, babu wanda ya ce mini in zauna. Duk sanda ƙofar ta motsa sai in miƙe tsaye. Na yi wa Allah alkawura a kan bencin nan waɗanda har yau ban gama cikawa ba.

Sai bayan la'asar aka ce mu shiga. Tana kwance da ƙarin ruwa a hannu, idanunta a buɗe, tana tambayar ina sabon takalminta. Ma'aikaciyar ta ce surfe da wankin da aka yi wa waken sun rage abin da yawa, kuma an kawo ta da wuri, amma za ta kwana a wurinsu. Uwar ta fashe da kuka. Ni kuwa na zame na zauna a ƙasa.

A waje Hajiya ta tsayar da ni. "Ke kika zuba?"

Na ce, "Wallahi ba ni ba ce." Ina faɗa na ji yadda rantsuwata ta koma ba ta da nauyi ko a kunnena.

"To wa?"

Yaya zan tsaya a garin mutane in tona asirin uban mijina, tsohon da ya isa da ni? Da safe na iya tsayawa a kansa saboda rai, amma wannan kam na kasa. Na ce, "A gidanmu ne dai, Hajiya."

Ta ce, "Kin kyauta da kika zo." Daga nan ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake sayen wakena ba. Ban ga laifinta ba.

Alalen nan kaf aka haƙa rami a bayan makaranta aka binne, don ko akuya ba a yarda ta lasa ba. Yaran da suka sauke Alƙur'ani farar shinkafa da mai suka ci a ranar walimarsu. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Sundimina, ya kai Farin Dutse: mai waken nan da take cika baki, ashe ita ma zubawa take yi. Na ji da kunnena a mota, matar da ke faɗa ba ta san ni ce a gefenta ba.

Waken durom ɗin bakin ƙofa, da na kusa da shi, maigidana ya kai can bayan gari nesa da rijiya da rafi ya binne. Ni na so in bar sana'ar gaba ɗaya. Amma da kaka ta yi, sai ga matan ƙauyukanmu da ƙullin wakensu a ka, sun tsugunna a tsakar gida suna jirana, kowace tana cewa nata ko ƙamshin magani bai ji ba. In na ce na daina, wurin wa za su kai? Na karɓa. Na sayi sabon kwaɗo, makullin yana rataye a wuyana ko wanka zan shiga.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Muka koma yadda muke, ina durƙusawa daga nesa, yana amsawa yana kallon bango. Sai da damina ta sake zagayowa, ranar da zan buɗe durom na farko, Inna ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Malam ya ce in faɗa miki, daga yau duk durom ɗin da aka buɗe, kafin a auna wa kowa ko mudu ɗaya, a dafa a kai masa. Shi zai fara ci. In ya wuni lafiya, sai ki sayar."

Na ce, "Inna, ai babu komai a ciki. Ni na rufe, makulli yana wuyana."

Ta ce, "Na faɗa masa. Ya ce wancan ma ai kin rantse."

Haka muke yi har yau. Tsufa ya kama shi sosai, haƙoransa sun zube, wake ma ba ya zama masa lafiya a ciki, amma bai taɓa yarda wani ya karɓe shi ba, ko ɗansa. Ni nake dafawa, Inna ta kai. Na san babu komai a kwanon. Duk da haka sai in kasa komawa ɗaki, in tsaya a bayan zauren ina jin ƙarar cokalinsa, gabana yana faɗuwa har ya cinye.